Wutar da Take Ƙyaftawa

A shekarun da rediyo ba shi da zance sai na jam'iyyu da zaɓe, lakol, wato makarantar bokon ƙauyenmu, can bayan Gangara, ta fi zama a rufe. Yau malamai na yajin aiki, gobe a ce a jira. Babana ba ya son ganin yaro a zaune, sai ya yanke cewa da an gama sussuka zai kai ni Katsina wajen ƙanensa in koyi ɗinki. Ni kuwa lissafi ya riga ya shiga raina. Na yi kuka, na ƙi tuwo, duk a banza.

A gidanmu akwai Inna Kulu, mahaifiyar Baba. Ita da sanyi ya shigo, ana gama tuwon magariba take hura wutar karan gero a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni kullum wajen hayaƙi take ajiye ni, wai ni ne mijinta marowaci, ko goro ban taɓa ba ta ba. Ran nan ta sa aka kira Baba ya gyara mata ƙyaure. Ƙyauren nan lafiyarsa lau.

"Ga ta nan tahe," in ji ta, "mai gyangyaɗi sai ta wuce shi."

Wai an yi wani gari da wuta ta mutu a kowane murhu, ga ɗari, ga jarirai. Mata suka fita neman wuta, suka hango wata babba ta haske gabas, suka ruga can. Ashe gobarar daji ce, ko matsawa kusa ba a yi. Wata mai suna Dije ta hau tudu, ta hango wata 'yar ja can nesa, kamar garwashi. Aka ce mata kututture ne ke ci, ba kowa a wurin, in ta tafi ƙafarta kawai za ta kashe. Dije ta zauna ta zuba mata ido. Kowa ya watse, sanyi na cin ta, ba ta motsa ba. Can sai wutar ta dushe kaɗan, ta dawo.

Inna ta tsaya ta tambaye mu abin da ya rage hasken. Muka yi ta harbin iska. Sai ta miƙe ta gitta tsakaninmu da wutarta.

"Mutum ne ya wuce gabanta," ta ce. "Amma Dije ba ta tashi ba, don kila idonta ne ya ƙyafta. Sai da ta sake gani, kana ta ɗauki kaskonta."

Da ta isa, ta tarar da mutane sun matsu jikin wutar, don ƙaramar wuta sai an matso ake jin ɗuminta. Suka ɗebo mata garwashi, garinsu ya rayu.

Baba na riƙe da ƙyaure, ya ce shi dai a ganinsa lakol ta mutu.

"Idi, kai ka binne ta?" in ji Inna. "Mushe bai kwashe kayanshi ba. Bar yaron ga shi duba har damina."

Mushe shi ne malaminmu. Daga ranar kullum da safe sai na je na zauna a gindin bishiyar bedin lakol. Yara na ta yi mini dariya, ni kuwa taurin kai gadona ne. Wata safiya aka buga ƙarfen shiga aji. Aka sake rufewa, aka sake buɗewa. Damina ta faɗi, Baba bai ƙara ta da maganar Katsina ba.

Yau aikina nazarin hasken wasu ƙananan taurari ne jajaye da ke maƙwabtaka da ranarmu. Muna neman duniyoyin dutse irin tamu da ke kewaya su. Na'urar hangen nesa ba ta ganin duniyar kanta, sai dai mu lura hasken tauraron ya ɗan ragu in ta gitta, mu jira ya maimaita kafin mu yarda. Tauraron ba shi da zafi sosai, don haka duniyar da ruwa zai iya zama a kanta dole ta matso kusa. Ranar da aka fara koya mana wannan, dariya ta kama ni a aji, daga baya kuma hawaye, don Inna ta riga ta rasu. Da ina ɗauka haƙuri kawai ta koya mini. Sai da na girma na gane har da kada in gaskata idona da gani ɗaya, kada kuma in bar wurin don an ce ba kowa.

Bara na je gida a gajiye, tauraron da na daɗe ina bi ya ƙi nuna komai. Baba, wanda yanzu sai da sanda, ya tambaye ni ko akwai mutane a can. Na ce ban sani ba tukuna, kila ma in bar shi in kama wani aiki.



"To mi kake yi nan?" ya ce. "Koma ka zauna."