Ranar da Kwamfuta ta Katse wa Kaka Magana

Wata Juma'a ce cikin damina, shekarar da na shiga aji biyar na firamare a Yelwa. Mun gama shanya kifin da Inna ta banda, ƙamshin hayaƙi bai bar tsakar gida ba, sai Yaya Bilki, babbar yayata, ta shimfiɗa tabarma gindin mangwaro ta buɗe kwamfutar da ta zo da ita daga makarantar koyon malanta. Ta daɗe tana lallashin Kaka ta ba da labarin ƙauyensu da ruwan madatsar Kainji ya shanye, don ta naɗi muryarta. Ranar ce Kaka ta yarda. Muka watsar da wasan carafke muka zagaye ta.

Kaka ta yi nisa, tana lissafa gidajen unguwarsu da inda kwalekwalen mahaifinta ke kwana. Kwatsam allon ya rikiɗe ya koma shuɗi, wasu ɗigo suna ta juyi. Kwamfutar ta kashe kanta don ta sabunta manhajarta, ba ta nemi izinin kowa ba. Da ta dawo, babu ko kalma ɗaya ta abin da aka naɗa. Kaka ta jawo mayafinta ta ce, "Abin da ba shi da kunya, ba ni ba shi labari." Ta shige ɗaki.

Yaya Bilki ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zagi na'urar ba. Bayan ta ɗebo ruwa ta wanke tukwane, sai ta zauna tana bin saitin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Ta gano wurin da ake dakatar da sabuntawa na ɗan lokaci, da wurin da ake gaya wa kwamfuta sa'o'in da ake aiki da ita, kada ta kashe kanta a cikinsu. Na ce ta hana ta gaba ɗaya mana. Ta ce a'a, sabuntawar kamar yaɓen katanga ce kafin ruwa, sai dai mai gida ke sa rana. Ta ware mata safiyar Lahadi, in an kawo wuta.

Sannan ta durƙusa bakin ƙofar Kaka. "Kaka, na yi mata tarbiyya. In kina magana yanzu, shiru za ta yi."

"To, mu gani, ɗiyata."

Sati guda Kaka na zuwa gindin mangwaron da la'asar, har ta rera waƙar daka ta matan ƙauyen. Kaka ba ta ga damina ta gaba ba.

Yau 'ya'yana na sauraron waƙar a waya, su wuce zuwa wani abu kafin ta ƙare. Ni kuwa nakan tsaya har ƙarshe, inda ake jin dariyar Yaya Bilki can ƙasa-ƙasa. Haƙurinta ne ya bar mana wannan muryar.