Kafaɗar Kofur

A shekarun da bama-bamai suka addabi Kano, lokacin da sai ka sauka daga babur ka tura shi kafin ka wuce shingen sojoji, aka ba ni aikin tsara allon bidiyo a wani ɗan gidan tarihin yaƙi da ke cikin birni. Irin allon nan ne da ake taɓawa da yatsa. Na jera hotunan sojojin da suka rasu a yaƙin basasa, in ka danna fuskar mutum sai bidiyo ya buɗe, wani da ya san shi ya ba da labarinsa. Ni dai gani nake na ƙure basira.

Cikin waɗanda na ɗauka a bidiyon har da wani tsohon soja, maƙwabcinmu a Dukawuya, wanda kowa ke ce wa Baba. Labarin amininsa ya bayar, wani kofur da bai bar ɗa ko jika ba. Ya ce min duk duniya shi kaɗai ya rage da ya san mutumin nan, ga shi jiki ya fara ƙi, yana so a ji kafin ta Allah ta kasance.

Aka buɗe wurin. Dama mutane na gudun taro a lokacin, 'yan kaɗan ɗin da ke zuwa kuma sai su tsaya gaban allon, hannu a baya, su kalla su wuce. Raina ya ɓaci. Na rubuta "Taɓa nan" da boko da ajami, a banza. Har na fara cewa ƙauyanci ke damun mutanenmu. Allah Ya yafe min.

Wata Asabar na kawo Baba da kansa. Na nuna masa hoton kofur ɗin, na ce, "Baba, danna fuskarsa."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai, da hankalinka kuwa? In tsone wa mamaci ido? Haka aka koya maka a gidanku?"

Wallahi kunya ta kama ni. Ni da ko kawuna ba na iya nunawa da yatsa, na zo ina so jama'a su riƙa dungurin matattu.

Kwana uku na yi ina gyara. Hotunan duk daga ƙirji zuwa sama ne, babu hannun da za a gaisa, sai na mayar da wurin taɓawar kan kafaɗa, na faɗaɗa shi yadda tafin hannu zai zauna.

Da muka dawo, Baba ya miƙa min sandarsa, ya yi bismilla, ya dafa kafaɗar kofur. Bidiyon ya buɗe, muryar Baba ta cika ɗakin. Wasu mata biyu da wani ɗan dako da ya shigo shan inuwa suka matso, suka tsaya har ƙarshe.

Bidiyon ya ƙare, Baba bai ɗauke hannunsa ba. Ya ce da hoton a hankali, "To, ka ji, na faɗa musu."