Goran Ruwan da Na Kwance daga Keken Yayana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina tausaya wa masu rubutowa, ban taɓa zaton ni ma wata rana za ni shiga layinsu ba. Lokacin da abin ya faru ban jima da gama kwalejin horar da malamai a Sakkwato ba, na dawo gida Sabon Birni ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare. Ni mutum ce mai yawan shiru da mafarki ido biyu. Ina iya tsayawa da tsintsiya a hannu ina kallon yadda inuwar darbejiya ke rarrafe a bango har Inna ta gaji da kirana. Nakan ɗan tsara baitoci, ba don kowa ba. Tun rasuwar Baba mu uku ne a gidan: ni da Inna da yayana wanda nake bi. Tun ina ƙarama ba ya kirana da sunana sai Malama, da farko don tsokana, daga baya abin ya bi ni.

Damina ta yi mana rowa shekaru a jere. Gero ya kawo gwiwa ruwa ya ɗauke, ganye ya naɗe, ƙarshe aka yanke karan aka ba dabbobi. Da bazara ta shigo rijiyar unguwarmu ta koma laka, famfon tuƙa-tuƙa kuwa sai kuka yake yi ba ya kawo komai. Ruwan kirki sai can wajen Kurawa, inda mutane suka yi tono a cikin gulbin da ya ƙafe. Yaya ne ke zuwa ɗebowa a tsohon baƙin keken Baba, mai birkin ƙarfe da sirdin da aka naɗe da tsumma. Yakan ɗaure jarkoki a kariya, ya rataya wasu a gefe, ya ratso rairayi da su yana tuƙi kamar mai daka. Inna ta kafa doka a shekarar: ba a buɗe jarka a hanya, sai ruwa ya shiga randa, ita ce kuma mai rabawa da moɗa. Kowa ya san rabonsa.

A cikin wannan hali na ci karo da tseren keken dutse a wayata. Ba ni da datar kallon dogon abu, don haka gajerun bidiyoyi nake samu, waɗanda aka tsinto wuraren da suka fi burgewa aka haɗa. Abin da ya fara kama ni ba kekunan ba ne, korayen itatuwa ne da taɓo. Mutane suna tsere cikin daji mai danshi, suna zagaya hanya ɗaya sau da yawa, su hau tudu a tsaye kan feda, su gangaro ta kan duwatsu da saiwoyi, laka na fallatsar masu har fuska. Mu da muke auna ruwa da moɗa, ga wasu can ruwa ya zame masu abin da ke ɓata tufa. Na nuna wa Yaya da la'asar bayan ya sauke jarkoki, daga ranar kuwa kallon ya zama namu mu biyu.

Sunayen mahayan suna yi mana wuyar faɗa, sai muka raɗa masu namu. Akwai wani ɗan Suwizalan da muka kira Dattijo, don ba ya gaggawa, ba ya fushi, yana bin hanya kamar wanda ya haddace ta, sai dai ka waiga ka gan shi gaba. Akwai wani ƙaramin Bature ɗan Ingila da muka kira Kurege, wanda ko an bar shi baya sai ya kurɗa ta inda ba a zato. Faransawa mun ce da su Tsuntsaye saboda yadda suke sauka gangara, har da wata mace a cikinsu da nake riƙe numfashi in tana hawan tudu. Sai wani ɗan Afirka ta Kudu da muka kira Namu, ko da yake bai san da zamanmu ba. Yaya yana bayan Dattijo, ya ce shi ne ya san inda ake taka birki da inda ake sakinsa. Ni ina bayan Kurege. Inna in ta leƙo sai ta ce ita duk ba ta ga na zaɓe ba, ƙarti sun matse jiki cikin wando kamar an yi masu fenti, ba su ɗauko komai ba kuma ba su kai komai ko'ina ba.

Wannan maganar ta Inna ce ta zauna mani a rai, amma ta wata fuska. Na fara auna su da Yaya. Kekensu ana ɗaga shi da hannu ɗaya, yana da giya da shoka da tayoyi masu haƙora. Nasa giya ɗaya ce, wato ƙafarsa. Su ba su ɗauke da komai, shi yana ɗauke da rayuwar gida. Su suna tsere a inuwa, shi a ranar Gobir. Na ce mashi da za a sauke mashi jarkokin nan a jera shi da su, Dattijo sai ya nemi wurin zama. Ya yi dariya ya ce Malama ta fara waƙa da rana tsaka, a kawo mata furarta ta sha ta kwanta. Amma na yi mashi kirari na baiti huɗu, na riƙa rera shi in ya shigo zaure, kuma na lura ya fara barin hanyar mota yana bin burtali, yana miƙewa kan feda in ya zo tudu. Ya yarda da ni. Yaya bai yi nisa a boko ba, ya tsaya ne don ni in wuce, saboda haka duk abin da ya fito bakina yana ɗaukarsa kamar daga littafi ya fito.

Akwai abu ɗaya da nake gani a kusan kowane bidiyo. In tsere ya yi zafi, sai ka ga mahayi ya zaro goran ruwansa ya yi jifa da shi gefen hanya, ya sunkuya ya ƙara wuta. Wanda bai yi shekarar fari ba ba zai gane yadda wannan ya girgiza ni ba. A wurina babu jarumtar da ta kai mutum ya kalli ruwa ya yar. Na yanke hukunci ni kaɗai cewa sirrinsu ke nan: gwani ba ya shan ruwa cikin tsere, ruwa nauyi ne, ƙishirwa kuma ita ke wasa mutum. Har baiti na yi a kai.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa daga Nijar ya fara shigowa ranar kasuwa da keke mai giya na gwanjo, wanda yake kira belo. A rumfar mai faci gardama ta tashi tsakaninsa da samarin da ke ɗebo ruwa, kan ko belo zai iya da rairayinmu. Aka sa ranar tsere. Za a tashi daga bakin gari, a bi burtali, a ratsa gulbi, a zagayo wani babban gawo da ke can ta hanyar Isa, a dawo. Ba a sa komai a kai ba sai suna. Yaya ya ce da shi za a yi, ya kwance kariya da duk wani ƙarfen da ba dole ba, keken Baba ya koma kamar an yi mashi aski.

Da safen ranar Inna ta fito da ƙaramin gora cike da ruwa, ta ɗaure shi a jikin keken da ƙyallen tsohon zanenta. Daga baya na gane cewa ta kwana biyu tana taimama don ta tara mashi daga rabonta. Ta ce Allah ya tsare, ta koma ɗaki. Na raka shi zaure. A nan na durƙusa na kwance ƙyallen. Ya dube ni ya ce Malama, rana fa. Na ce ya taɓa ganin Dattijo ya kai ƙarshen tsere da gora? Na ce su da suke da ruwa har na yarwa ba su sha, balle shi da ya saba dawowa daga Kurawa bai buɗe jarka ba. Ya ce to, ke kika yi karatu. Ya shafa kaina kamar yadda yake yi tun ina ƙarama, ya fita. Na tsaya rungume da goran ina jin kamar na ba shi fukafukai.

An ce za a tashi da hantsi, amma gardamar wa zai tsaya ina ta ci lokaci har rana ta take. Ina gida ina sauraron hayaniya daga bakin gari. Ɗan Nijar ne ya fara dawowa, sai samari ɗaya bayan ɗaya, wasu suna tura kekunansu. Kowa ya ce Yaya ne ya fara zagaya gawo, ya ba su rata har ƙurarsa ta ɓace masu. To ina yake? Aka kira azahar bai shigo ba. Na fita ƙofar gida na koma, na sake fita. Sai ga wani mai mashin ya iso da gudu ya ce mu taho asibiti. Wata Bafillatana mai tallar nono ce ta gan shi kwance gefen burtali, can nesa da hanyar da sauran suka biyo, don kansa ya juya ya saki hanya. Jikinsa zafi kamar tukunya, ba ya ko gumi, yana magana ba kai. Ta ja shi inuwa, ta jiƙa mayafinta da ɗan ruwan da take tafe da shi ta lulluɓe mashi kai, ta yi ta kururuwa har aka ji.

Ina neman takalmina Inna ta ga goran a hannuna. Ashe tun safe ban ajiye shi ba. Ta dubi goran, ta dubi ƙyallen zanenta da ke rataye a wuyansa, ta dube ni. Da ta mare ni da na ji sauƙi. Ta karɓa kawai, ta juye ruwan a randa, don ko a ranar ba a ɓarnar ruwa, ta ce in wuce mu tafi.

A asibiti na ji sunan abin da za a yi mashi: ƙarin ruwa. Na zauna ina kallon leda tana ɗiga a hankali cikin hannunsa, ana cire wata ana rataya wata. Abin da na hana shi sha a ɗan gora shi ake ɗura mashi da allura. Likita ya ce zafin rana ne ya buge shi, ƙodarsa ta wahala, sai an ga yadda za ta amsa. Kwanakin nan ban san yadda suka wuce ba. Ni da Inna muka koma ɗauko ruwa a ka, muna karɓa-karɓa da zaman jinya, sai a lokacin wuyana ya san nauyin abin da nake yi wa waƙa. Ɗan Nijar ya zo dubiya da kankana. Da aka tambaye shi yadda ya yi, ya ce shi fa duk rugar da ya gani sai ya tsaya ya yi sallama ya roƙi ruwa, don bai zo ƙasar mutane ya mutu a kan belo ba.

Ranar da Yaya ya buɗe ido sosai, abin da ya fara tambaya shi ne ko an tsinto keken Baba. Na fashe da kuka na ce ya yafe mani. Ya ce in daina, kada a zo a rataya mani leda ni ma, ruwa yana tsada.

Bayan an sallamo shi, wata abokiyar aikina da ta je Sakkwato ta sauko mani da tsere guda cikakke a waya, daga tashi har ƙarewa. Muka zauna a tabarma muka kalla, Inna na gefe tana tsince wake. A zagayen farko kyamara ta nuna wani wuri da ban taɓa gani ba. Mutane ne jere a gefen hanya, kowa ya miƙo hannu riƙe da gora, wasu da tayoyi a kafaɗa. Dattijo ya zo a guje ya fizge gora ya kafa kai. Kurege ma haka, Namu ma haka, har da mai kwara wa kansa ruwa a ƙeya. Suka zagayo, hannuwan nan suna nan. Kowane zagaye suna nan. Ashe goran da suke jifa da shi wanda suka shanye ne, kuma sun san wani yana jiransu a gaba. Ni na ga inda suke yarwa, ban ga inda suke karɓa ba. Yaya ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ashe Dattijo ma yana da ƙanwa, sai dai tasa tana da hankali. Inna ba ta ɗago ba, ta ce ita tun farko ta san babu ɗan da uwarsa za ta bari ya fita rana haka.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Har yanzu ina kallon tseren, har yanzu ina son Kurege, amma na daina auna mutum da mutum a kan abin da aka yanko aka nuna mani. Waɗancan gwanaye ne na gaske, sun yi shekaru suna horo, sai dai kowanensu akwai mutane a bayansa da ba a sa su cikin gajeren bidiyo. 'Yan'uwana masu waya a hannu, musamman mu da aka yi sadaukarwa dominmu aka kai mu makaranta, mu ji tsoron Allah kan abin da muke faɗa wa waɗanda suka yarda da mu. Kada mu ɗauki ɗan guntun abin da muka gani mu mai da shi doka a kan jikin wani. Wanda kuma zai fita aiki ko wasa cikin rana, ya tafi da ruwa, ya sha tun bai galabaita ba.

Yaya ya warke, ko da yake likita ya hana shi doguwar tafiya in rana ta take. Ya mayar da kariya, ya koma Kurawa da sassafe. Ranar da ba ni da aji nakan yafa mayafi in je in tsaya a inuwar aduwar da ke bakin gari, in miƙa hannu da goran nan na Inna. Mutane sun yi ta dariya har sun gaji. Yana zuwa da jarkokinsa ba ya tsayawa, sai ya rage gudu ya fizga ya sha. Bambancinsa da Dattijo ɗaya ne: shi ba ya jifa da goran. Yakan waigo ya miƙo mani, kuma kullum sai na tarar ya rage mani rabi.