Injin da Ergash-ota Ya Zaɓa

Ergash-ota, ota a wurinmu baba ke nan, bai damu da fuskar masu kawo mana mota ba, tayoyinsu ya sani. Shekara goma sha tara yana tsugune a ƙarshen layin wankin motarmu na Sergeli, a kudancin Tashkent, soso a hannu, bokitin man ƙyalli a gefe. Ni Mavluda mai goge gilashi na yi sha ɗaya kusa da shi, kuma ban taɓa ganin mai rigima a kan roba irinsa ba. Mutum zai fito daga mota yana hura hanci, tsohon ya shafa tayar ya ce, "Ɗana, kai ne ke goga ta da gefen titi, ko za ka ɗora wa matarka?"

Da can direban bas ne, sai idonsa ya fara gardama aka raba shi da sitiyari. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna aiki a Rasha, sai dai waya ranar Sallah. Wurin aikin nan shi ne gidansa na gaskiya, can inda yake kwana ɗaki ne kawai. Kullum shi ke fara zuwa, kafin mu iso ya dafa koren shayi ya gutsuttsura gurasa.

Da tsohon maigida ya rasu, ɗansa Davron ya gaji wurin. Yana da kirki, ba zan yi masa sharri ba, amma duk abin da ya gani a waya sai ya saya. Ya kafa layin da ke jan mota da kansa ta cikin ruwa da kumfa, mutum huɗu suka tafi gida. Aikin hannun da ya rage a jikin mota, ban da gilashina, sai na taya. Da zafi ya shigo bana, Davron ya ce saura injin sa wa taya ƙyalli.

Iri biyu ne a wurin dillalin, shi kuma bai san na kirki ba. Ɗaya doguwar katifar soso ce da taya ke gogawa tana wucewa, amma sai da mutum a gefe yana jiƙa ta, yana matsewa, yana share abin da ya zuba. Ɗayan buroshi ne mai juyawa, yana da idon da ke auna taya ya ba ta mai daidai, ba ya buƙatar kowa. Sai ga Davron wurin shayinmu, hannu a ƙirji.

"Ota, ku kuka san aikin nan. Gobe ku zo ku zaɓa mana, abin da kuka ce shi za a saya."

Yana juya baya na matsa kusa da tsohon. "Ota, kun ji dai ko? Mai soso za ku ce. Kada ku yi wa kanku sakiyar da ba ruwa."

"'Yata, sha shayinki, ya huce."

"Ba wasa nake ba! In aka kawo mai idon nan, ina za ku je? Ku zauna kuna hira da bango?"

"Bango ai ya fi ki haƙuri," in ji shi, yana dariya. Ni ban yi dariyar ba.

Washegari na bi su, na ce zan sayo tsummokara a hanya. Ƙarya ce, gadinsa na je yi. Dillalin ya fara zuba bayani, Ergash-ota ya ɗaga masa hannu. Ya sa aka bi da motar Davron ta cikin mai soson, sannan ya ce a zaga da ita ƙarshen layi da gudu a dawo. A garinmu kusan kowa farar mota gare shi, kuma man da ya yi yawa a taya ƙofa yake fantsama wa. Motar ta dawo da ɗigo-ɗigon baƙi har kusa da hannun ƙofa.

"Wannan ba ƙyalli yake sawa ba, zawo yake yi," in ji tsohon.

Na ce, "Ai da mutum a gefe sai ya riƙa gogewa, ota."

Bai ko kalle ni ba. Aka wanke motar, aka bi da ita ta cikin mai buroshin, aka sake zagawa. Ya durƙusa, gwiwarsa na ƙara, ya bi tayar da yatsa tun daga bakin ƙarfe har inda take taka ƙasa. Ya duba ƙofa. Ya koma ɗaya gefen. Ya daɗe a can har na fara sa rai. Da ya miƙe na mintsini gefen rigarsa, ya zare hannuna a hankali.

"Wannan za ka saya, Davronjon."

Muka shiga mota muka komo. Da muka sauka ne ya ce, "Kina so in tsaya kullum ina kallon aikin banza yana fita ta gabana?" Na ce eh, haka nake so. Har yau ban canza ba.

Ranar da aka kafa injin Davron ya sa aka dafa osh, tukunya guda ta shinkafa da karas da naman rago. Bayan an ci, ya fito da chopon, doguwar rigar nan mai auduga a ciki, ya yafa wa Ergash-ota a kafaɗa. Babu wanda bai san ma'anar yafa wa tsohon ma'aikaci riga a gaban jama'a ba. Ba a ce masa tafi, rigar ce ke faɗa. Kuma da yake shi ne babba, shi aka ce ya sa wa sabon abu albarka. Ya ɗaga hannu cikin wannan zafin, gumi na bin wuyansa, ya roƙa wa injin tsawon kwana, ya roƙi Allah ya tsare shi daga tsatsa da mugun ido. Kowa ya shafa. Ni na shafa ne don in ɓoye fuskata. An ci moriyar ganga, kuma gangar ce da kanta ta yi addu'a.

Ran Litinin na hango shi a tsallaken titi, zaune a bencin masu jiran bas. Bas uku suka wuce bai shiga ba. Duk motar da ta fito daga wurinmu, ƙasanta yake kallo. Da rana ta take na kai masa shayi.

"'Yata, ki ce wa Davronjon buroshin hagu yana ba da mai fiye da kima. Kaɗan ne, amma zuwa jibi zai fara ɓata ƙofa."

Na je na faɗa. Davron ya duba wayarsa ya ce, "Wallahi gaskiyarsa, opa," wato yaya. Ya danna wani abu sau biyu, ko tashi daga kujera bai yi ba.

Da na koma ɗauko kofin, na tarar tsohon ya miƙe tsaye, ya riga ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu.

"Ya ce in zo in duba?"

"Ya gyara, ota. Ta waya."

Ya ɗan tsaya, sannan ya fara warware hannun rigar. "To, madalla," ya ce. "Ashe injin kirki ne."