Robar da Aka Manta a Jikin Yayata

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran yayata, malamar aji uku a makarantar firamaren unguwarmu. Ta cika a ɗakin mata na asibiti, hannunta cikin na mijinta. Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Yaya, tun ranar nake son rubuta miki wannan, amma duk na ɗauki biro sai in ajiye shi saboda takaici.

Ke kika riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba, kina budurwa. Ban manta shekarar da na faɗi jarrabawa ba, na yi zuciya na tafi tasha na zama kwandasta. Kika biyo ni har cikin mota, kika kama kunnena a gaban fasinjoji, kika ce, “Ku yi haƙuri jama'a, wannan kwandastan yana da makaranta ranar Litinin.” Har direban sai da ya yi dariya. Na yi wata ba na gaishe ki. Yau duk abin da nake ci, albarkacin jan kunnen nan ne.

'Yan unguwa kuwa da Mai Laima suka san ki. Kullum aka tashi daga makaranta, sai ki shiga tsakiyar titi ki ɗaga tsohuwar laimarki, motoci su tsaya cak har yara su gama tsallakawa. Ba wanda ya ba ki wannan aikin. Direbobi su yi ta hon, ke kuwa ko a jikinki. A jakarki ba a rasa allura da zare, don kada yaro ya koma gida da yagaggiyar riga a dake shi.

Bara waccan aka ce hanyar da fitsari ke bi daga ƙodarki ta hagu ta toshe, sai an yi aiki. Aka yi. Likita ya fito yana murmushi, ya ce komai ya tafi daidai. Ranar sallama ina tsaye a bakin gadonki. An gaya mana yadda za ki sha magani, an ce kada ki ɗauki abu mai nauyi, an faɗi ranar cire ɗinki. Babu wanda ya buɗe baki ya ce an saka miki wata siririyar roba daga ƙoda zuwa mafitsara, wadda tilas a cire ta bayan 'yan makonni. Da kunnena na saurara, Yaya. Wallahi ba su faɗa ba.

Bayan 'yan watanni ciwo ya fara cin ki a kwiɓi. Kika koma asibitin, kika zauna a dogon bencin nan tun safe har azahar. Likitan da kika gani ya ce mata masu shekarunki ba sa rabuwa da ciwon baya. Wani zuwan aka ce ki yawaita shan ruwa. Kika yi ta sha kamar raƙuma, kina barin aji kina zaryar bayan gida. Da jini ya fara fita a fitsarinki, na raka ki da kaina. Kika ce, “Likita, anya ba aikin nan ba ne?” Bai ko ɗago kai ba, ya ce, “Malama, aiki ya warke tuni. A turo na gaba.” Muka roƙi a yi hoto, aka ce na'urar ta lalace. Tabon aikin yana nan a jikinki, fayil ɗinki yana kan teburinsa, amma bai ga ya dace ya duba ko ɗaya ba.

Haka kika ci gaba da koyarwa, hannu ɗaya da alli, ɗaya dafe da kwiɓi. Kika daina faɗa mana, don an sa kin fara jin kunyar ciwonki. Sai ranar da kika yanke jiki kika faɗi a gaban allo, jikinki zafi kamar garwashi.

Muka kai ki wani asibitin. Wata likita ta ɗora hoton cikinki a kan fitila, ta juyo ta tambayi mijinki, “Yaushe aka saka wannan robar?” Ya ce, “Wace roba?” Sai ta nuna mana yadda tsakuwa ta taru ta daskare a jikin robar tun daga sama har ƙasa, ta toshe hanya. Ƙodar ta cika da mugunya, cutar kuma ta riga ta shiga jini. Sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu da alheri, amma an makara.

Da kika farfaɗo na gaya miki abin da aka gano. Na zaci za ki yi fushi. Sai kika lumshe ido, kika ce a hankali, “Ashe dai ba raki nake yi ba.” Wannan maganar ita ke hana ni sukuni. Mace irinki, wadda ba ta taɓa fashin aiki ba, a sa ta yi ta zargin kanta da raki, alhali duwatsu ne ke yankar ta daga ciki.

Bayan kwanakin zaman makoki na je wurin shugaban asibitin farko. Ya ba ni kujera, ya ce likitan da ya yi aikin an canja masa wuri, ya ce kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri. Na yi imani da ƙaddara, kuma na san ba za ki ƙara ko numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta miki ba. Amma ban yarda a mayar da ƙaddara tsumman goge sakaci ba. Haƙuri da hukuncin Allah muke yi, ba da ganganci ba. Na ce masa ya nemo duk wanda aka yi wa irin aikinki, ya tabbatar an cire masa tasa robar. Har yau bai amsa ba, ni kuma ban daina zuwa ba.

Duk wanda aka yi wa aikin ƙoda, ko aka yi wa wani nasa, don Allah ya koma ya tambaya ko an bar wani abu a ciki. Idan aka daka masa tsawa, ya sake tambaya.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka bayan doguwar jinya. Ka sa raɗaɗin da ta sha ya zama kaffara, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarta. Yaya, ina yi wa mijinki da 'ya'yanki da ɗalibanki ta'aziyya, Allah Ya ba su dangana. Inna kuma, wadda ta haife ki ta ga fitar gawarki, Allah Ya sanyaya mata zuciya. Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Mu kuma idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.