La'asar mai raka'a biyar

Shekarar da korona ta rufe masallatai, a ɗakinmu na Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, muke jam'i, maigida a gaba ni a baya. Direba ne. Baturen Amurkan da yake tuƙawa ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar masa tukuicin wani kwali. Na ɗauka turare ne ko agogo. Da aka buɗe, warin tsohuwar takarda da ta sha laima ya bugi hancina. Katuna ne cunkus, na 'yan wani wasan ƙwallo da ake bugawa da kulki, wai besbol. Galibinsu sun rigaya sun mutu.

Mutumin da bai taɓa kallon wasan nan ba ya zama malaminsa. Yini yake kan waya yana bin tarihinsu. Ina tsintar shinkafa yana ba ni labarin wanda kafaɗarsa ta goce ya koma sayar da motoci, da wanda giya ta ƙarasa shi kaɗai a ɗakin haya. Wannan kam ya ba ni tausayi, na tuna shi ma wata ce ta haife shi.

Sai ya zuba su a ledoji masu aljihuna ya rataye a bangon alƙibla, wai can ne rana ba ta kaiwa. Akwai wani da ya cusa taba a kunci, kumatun ya kumbura kamar mai hangum, da jirwayen yawu a haɓa. Daidai kafaɗar limamina yake. Ina kabbara, shi nake fara gani.

Na ce, "Malam, ni fa ban san abin da nake karantawa ba. Ƙattin nan muke fuskanta ko Ka'aba?"

"Haba baiwar Allah, ke da ya kamata idonki na wurin sujada? Khalas, shi ke nan, zan riƙa kifa su."

Ya kuwa cika alkawari, ana kiran salla sai ya juya fuskokinsu bango. Abin da ban sani ba, bayan kowane kati cike yake da rubutu da lambobi, duk rayuwar mutum shekara bayan shekara.

Ran wata Talata muna la'asar, maimakon ya zauna tahiyar ƙarshe sai ya miƙe. Na ce Subhanallah, shiru. Na tafa bayan hannuna har ya yi zafi. Yana tsaye ƙiƙam, kansa ya ɗan karkata hagu. Sai da ya cika ta biyar. Muka yi ba'adi, muka sallame.

Ban ko shafa addu'a ba ya nuna bango. "Kin san mutumin nan ya haura arba'in yana wasa? Ashe shi ya sa gwiwarsa..."

Tir! Na naɗe dardumata, na share lungun da ke tsakanin firij da injin wanki, na shimfiɗa a can.

Da magariba ya yi iƙama ya waiwayo. "Yalla, taso mana, ina mamun?"

Na ce, "Ga su nan a gabanka, sun fi ɗari."

Kwana tara yana salla shi kaɗai, ni ina tawa a kicin, goshina kusa da buhun albasa. A na goma na ji yana zare ƙusoshin da ya rataye katunan, yana mita ƙasa-ƙasa wai ba a san darajar tarihi ba a gidan nan.