Lotsawar da Ban Buge Ba

Na ɗaga guduma zan buge lotsawar da ke jikin motar akori-kurar marigayi Babana, sai Baffa Jaɓɓi, tsohon Bafulatani maƙwabcinmu a Gazawa, ya riƙe mani hannu.

Raina ya ɓaci. Wata huɗu ina gyaran motar nan a tsakar gida, 'yan unguwa na yi mani dariya.

"Baffa, sakar mani hannu. Mota ce, ba saniya ba."

"Ai saniya ta yi shi," in ji shi. "Shekarar babban fari, guda ta rage mani, ta kasa tashi. Babanka ya sauke kayansa, ya ɗauke ta har inda ciyawa take. Ƙahonta ne ya lotsa nan. Zuri'arta nake kiwo har yau."

Na aje gudumar. Fenti kawai zan shafa, lotsawar ta zauna.

Masu cewa na bar aiki rabi, ku faɗa mani: da ku ne, za ku buge?